Kwana biyu a Fas: Abin da baƙo zai gani a tsohon birnin Maroko

A kowace shekara dubban Musulmi daga Afrika ta Yamma, musamman Senegal da Mali da Nijar da Najeriya, kan je birnin Fas na ƙasar Maroko, kuma akasarinsu abu guda ne ke kai su, wato ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani.

Da dama daga cikinsu kwana biyu ko uku kawai suke yi. Wasu kan koma gida ba tare da sanin cewa tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar zawiyar akwai masallaci da makarantu da kasuwannin da tarihinsu ya haɗu da na ƙasar Hausa ba.

Babu mai gama ganin Fas a kwana biyu. To amma wanda ya fahimci yadda aka tsara birnin, ya kuma zaɓi wuraren da zai je tun kafin ya fito daga masauki, zai iya ganin mafi muhimmancinsu a ƙafa.

Birane uku a wuri guda

Fas dai na arewacin Maroko ne, kuma mazaunansa sun haura miliyan ɗaya. Birnin ya kasu kashi uku.

Akwai Fas al-Bali, wato tsohon gari na cikin ganuwa. Akwai Fas al-Jadid, wanda sarakunan Banu Marin suka gina a 1276 domin ya zama mazaunin fada da sojoji. Sai kuma sabon gari mai faffaɗan tituna, wanda Faransawa suka shata bayan sun karɓi iko da ƙasar a 1912, shekarar da suka mayar da babban birnin ƙasar zuwa Rabat.

Tashar jirgin ƙasa da manyan otal-otal na sabon gari ne. Abin da ake zuwa gani kuwa yana cikin ganuwa.

Masana tarihi sun ce Idris na ɗaya, wani sharifi daga zuriyar Sayyidina Hasan ɗan Ali wanda ya tsere daga Hijaz bayan yaƙin Fakh, shi ne ya kafa gari a gefe ɗaya na kogin Fas a 789. Ɗansa Idris na biyu ya gina wani a ɗaya gefen a wajejen 809.

Ba a jima ba baƙi suka cika garuruwan biyu. Iyalan da aka koro daga birnin Ƙurɗuba na Andalus a 818 suka zauna a gefe guda, waɗanda suka zo daga Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya ta yau kuma suka zauna a ɗaya gefen. Har yanzu da sunayen waɗannan baƙi ake kiran ɓangarorin biyu.

Sai a wajejen 1070 ne Yusuf bin Tashfin, sarkin Murabiɗun, ya rushe katangar da ta raba su, ya mayar da su gari guda.

Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya ba zai sha wahalar gane tsarin ba: ganuwa da ƙofofi, babban masallaci da kasuwa a tsakiya, masu sana'a iri ɗaya a layi ɗaya, masu sana'ar da ke da wari ko hayaƙi kuma a bakin ruwa ko a gefen gari.

Ƙofa ɗaya, hanyoyi biyu

Mafi yawan baƙi ta Bab Bu Julud suke shiga, ƙofar da aka gina a 1913, wadda aka yi wa ado da shuɗin tangaran ta waje, kore kuma ta ciki.

Daga nan mota ba ta wucewa. Ana cewa lungunan tsohon garin sun kai dubu tara, wasunsu ma da ƙyar mutum biyu za su gifta juna. Jakuna da alfadarai da amalanke ne ke dakon kaya, tun daga tukunyar gas har zuwa buhun siminti. Idan baƙo ya ji an ce "balak" a bayansa, to ya raɓe jikin bango, dabba ce tafe da kaya.

Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma a Fas akwai dabarar da ke rage ɓata. Manyan hanyoyi biyu ne suka taso daga wannan ƙofa, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, kuma dukkansu gangarawa suke yi zuwa tsakiyar gari inda masallacin Ƙarawiyyin yake. Mai gangarawa yana shiga ciki ne, mai hawa kuma ya nufi ganuwa.

Wurin farko da ya kamata a tsaya shi ne makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan Faris ya gina tsakanin 1350 da 1355. Ta bambanta da sauran makarantun garin domin tana da cikakkiyar hasumiya, kuma an ba ta matsayin masallacin Juma'a.

A nan ne baƙo zai fara ganin salon ginin da zai yi ta karo da shi: ƙananan gutsattsarin tangaran masu launi da ake kira zallij daga ƙasa, sassaƙaƙƙen farin shafe mai ɗauke da ayoyi a tsakiya, katakon da ake sarowa daga dazuzzukan duwatsun Atlas kuma daga sama.

Daura da makarantar akwai ragowar wani agogon ruwa da aka kammala a 1357, mai tagogi 12 da wuraren ajiye tasoshin tagulla a ƙarƙashinsu. Ya daɗe da daina aiki. Kasancewarsa a bakin titi na nuna irin muhimmancin da mutanen garin suka ba ilimin lissafin lokutan salla.

Masallacin Ƙarawiyyin

A ƙarshen gangaren, bayan an ratsa kasuwar masu turare da kayan yaji, akwai makarantar Aɗɗarin da aka gina tsakanin 1323 da 1325. Ƙarama ce, amma da yawa na ganin ta fi kowace kyau. Ana iya hawa bene a ga 'yan ƙananan ɗakunan da ɗalibai baƙi ke kwana a ciki, inda ake ba su abinci daga dukiyar waƙafi.

Waɗannan makarantu dai masaukai ne da wuraren bita. Babban karatun a masallacin Ƙarawiyyin ake yin sa, inda kowane malami ke da kujerarsa a jikin ginshiƙi, ɗalibai na zagaye da shi.

Labarin da ya shahara shi ne wata mata mai suna Faɗima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri daga Ƙairawan, ita ce ta gina masallacin a 859 da dukiyar da ta gada, yayin da 'yar'uwarta Maryam ta gina masallacin Andalus a tsallaken kogi. Labarin ya fito ne daga littafin Raudul Ƙirɗas na Ibn Abi Zar', wanda aka rubuta a ƙarni na 14, kuma saboda wannan tazara wasu masana tarihi na ɗari-ɗari da shi.

Abin da babu saɓani a kai shi ne Murabiɗun sun faɗaɗa masallacin daga 1134, suka ba shi kusan girman da yake da shi a yau. Littafin bajinta na Guinness ya lissafa shi a matsayin cibiyar ilimi mafi daɗewa da ba ta taɓa daina aiki ba, kuma a 1963 aka shigar da shi tsarin jami'o'in gwamnati.

Ɗakin karatunsa, wanda Abu Inan ya kafa a 1349, na ajiye da dubban littattafan rubutun hannu, ciki har da kwafin littafin tarihi na Ibn Khaldun wanda shi da kansa ya ba da shi waƙafi. An kammala wani babban gyara a ɗakin a 2016, sai dai ba kowa ake bari ya kusanci tsofaffin littattafan ba.

A Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga masallatai, in ban da 'yan kaɗan kamar masallacin Hasan na biyu da ke Kasabalanka. Saboda haka masu yawon buɗe ido na Turai kan tsaya ne a bakin ƙofa su leƙa. Baƙo Musulmi kuwa na da damar shiga ya yi alwala a tsakar masallacin, ya bi jam'i. Abin lura kawai shi ne ba kodayaushe ƙofofin ke buɗe ba tsakanin salla da salla, don haka gara a daidaita isowa da lokacin Azahar ko La'asar.

Littattafan zaure

Wanda ya yi karatun allo da na zaure a ƙasar Hausa zai ji kamar ya san wurin.

Mazhabar Imam Malik ake bi. Da ruwayar Warshu ake karatu, kuma a masallatai da dama akan taru a karanta hizbi guda da murya ɗaya bayan sallar Asuba da ta Magariba. A tsofaffin rubuce-rubucen da ke jikin bango da littattafai, harafin fa na da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda almajirai ke rubutawa a allo.

Wasu daga cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram ma daga nan suka fito. Ibn Ajurrum, mai littafin nahawu na Ajurrumiyya, mutumin Fas ne, kuma a nan ya rasu a 1323. Abdulwahid Ibn Ashir, mai waƙen fiƙihu da tauhidi da aka fi sani da sunansa, a Fas ya yi rayuwarsa, ya rasu a 1631. Ana kuma cewa a nan Shehu Jazuli ya haɗa Dala'ilul Khairati, lokacin da yake zaune a makarantar Saffarin.

Ita wannan makaranta, wadda ita ce mafi tsufa a cikin na Banu Marin domin an gina ta a 1271, tana bakin wani ɗan fili ne inda maƙeran tagulla ke buga tukwane da farantai. Tun daga nesa ake jin ƙarar gudumarsu.

Haka nan a Fas ne Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya tashi ya yi karatu. Littafinsa da aka buga a birnin Venis a 1550 na cikin na farko da suka kai wa Turai labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, ko da yake masana na tababar ko ya taka ƙafarsa a dukkansu.

Zawiyoyi biyu

Ga mutanen Fas, wurin da ya fi kowane daraja shi ne hubbaren Idris na biyu, wanda ya rasu a 828. An sake gano kabarin a 1437, kuma Sarki Maulaya Isma'il ya sabunta ginin a ƙarni na 18. A lungunan da ke kewaye da shi akwai katakai da aka gitta, waɗanda ke nuna iyakar hurumin da a da ba a barin dabbobi su ƙetare.

Ga baƙi daga kudancin Sahara kuwa, zawiyar Shehu Tijjani ce a gaba. An haifi Shehun a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya koma Fas da zama a 1798 inda Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi, ya kuma rasu a 1815. An binne shi a cikin zawiyar da ya gina a unguwar Bilida, arewa kaɗan da Ƙarawiyyin.

Daga nan ɗariƙar ta bazu. Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato a shekarun 1830 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, na cikin waɗanda suka fara kawo ta ƙasar Hausa. A ƙarni na 20 kuma haɗuwar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937 ta ƙara mata ƙarfi.

Lokacin da zawiyar ta fi cika shi ne bayan La'asar, musamman ranar Juma'a lokacin zikiri. A layin da take akwai masaukai da shagunan carbi da littattafai, kuma ba abin mamaki ba ne a ji ana Wolof ko Fulatanci ko Hausa. Ko da mutum ba ɗan ɗariƙa ba ne, wurin na nuna masa yadda tsohuwar hanyar Sahara ke ci gaba da aiki, sai dai yanzu jirgin sama ne ya maye gurbin raƙumi.

Majemar Shuwara

Tafiyar 'yan mintoci daga zawiyar, a bakin kogi, akwai majemar Shuwara, wadda ita ce mafi girma a cikin majemun garin. Daga saman benayen shagunan fata ake kallonta, kuma masu shagunan kan miƙa wa baƙo ganyen na'a-na'a ya kara a hanci saboda wari.

Ramuka ne na dutse jere da juna. A cikin farare ake jiƙa fatun awaki da tumaki da shanu a ruwan farar ƙasa domin gashi ya saki, sannan a tausasa su da kashin tattabara, kafin a kai su ramukan jima da rini. Majeman na shiga ruwan har gwiwa suna tattaka fatar, rani da hunturu. Wanda ya taɓa leƙa majema a Kano ko marinar Ƙofar Mata zai gane kusan kowane mataki.

Akwai tsohuwar dangantaka a nan. Jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa kan ratsa Sahara zuwa Arewacin Afrika, daga can ta wuce Turai, inda ake sayar da ita da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita. Ita ma jar dara da sunan wannan birni Turawa ke kiranta.

Shiga shagunan kyauta ne a bisa al'ada, amma ana sa ran baƙo ya sayi wani abu ko ya ba da ɗan ihsani. Farashin farko da za a faɗa ba shi ne na ƙarshe ba, ciniki ake yi kamar a kasuwar Kurmi.

Rana ta biyu

Wanda ya ƙare ranar farko a tsakiyar gari zai iya ba da ta biyu ga gefensa.

A Fas al-Jadid akwai fadar sarki. Ba a shiga, amma ana tsayawa a ga manyan ƙofofinta na tagulla. Kusa da ita akwai Mallah, unguwar da Yahudawan garin suka koma a ƙarni na 15, inda gidaje ke da baranda mai kallon titi, saɓanin gidajen tsohon gari da ke kallon tsakar gida. Akasarin Yahudawan sun bar ƙasar a tsakiyar ƙarni na 20, amma an gyara wurin ibadarsu na Ibn Danan, ana kuma buɗe shi ga masu ziyara.

Tsakanin wannan ɓangare da tsohon gari akwai lambun Jinan Sabil, wurin hutawa ga wanda ƙafarsa ta gaji.

Idan akwai sauran lokaci, ana iya komawa cikin gari a ga Funduƙ Najjarin, wani masaukin fatake mai hawa uku da aka gina a 1711, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan sassaƙa. A ƙasa ake ajiye kaya da sikeli, fatake kuma su kwana a sama.

Da yamma kuma sai a hau tudun arewa, inda kufan kaburburan Banu Marin suke. Kusa da su akwai Burj al-Shamal, sansanin da Sarki Ahmad al-Mansur ya gina a 1582, wanda yanzu ake adana tsofaffin makamai a ciki. Wannan sarki ne ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a 1591, ta kuma kwashe malaman Timbuktu, ciki har da Ahmad Baba, zuwa Marakesh. A Fas ya rasu a 1603.

Daga kan tudun ana ganin garin baki ɗaya, da koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. Idan Magariba ta yi, kiran salla kan taso daga hasumiyoyi masu yawa a lokaci guda.

Tsufa da gyara

A 1981 ne Hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Sai dai wannan matsayi bai hana shi tsufa ba.

Tun a ƙarni na 20 manyan iyalan Fas suka riƙa ƙaura zuwa sabon gari da Kasabalanka da Rabat. Gidajen da suka bari sai aka rarraba su ɗaki-ɗaki ga masu ƙaramin ƙarfi da suka zo daga karkara, waɗanda ba su da halin gyara. Shi ya sa a lunguna da dama za a ga katakai an tokare bango da bango.

Gwamnati ta kafa hukumar ceto garin mai suna ADER-Fas a 1989, kuma a 2013 Sarki Muhammad na shida ya ƙaddamar da shirin gyara wuraren tarihi 27 da kuma dubban gidajen da ke barazanar rushewa. An gyara makarantu da masaukan fatake da ita kanta majemar Shuwara.

A gefe guda kuma, masu kuɗi na gida da na waje na sayen tsofaffin gidaje suna mayar da su masaukin baƙi. Hakan na ceto ginin, amma yana ɗaga farashi ga mazauna. Masu sana'ar hannu kuma na fama da gasar kayan masana'anta masu araha da ke cika shaguna.

Don haka inda baƙo ya kashe kuɗinsa na da tasiri. Wanda ya sayi faranti a hannun maƙerin da ya gan shi yana bugawa, ko alkyabba a wurin maɗinki, ya taimaka wa sana'ar da ke riƙe da garin.

Abin lura ga matafiyi

Akasarin masu zuwa daga Afrika ta Yamma a Kasabalanka suke sauka, daga can kuma jirgin ƙasa kan ɗauki kimanin sa'o'i huɗu zuwa Fas. 'Yan Najeriya na buƙatar biza. A cikin gari, ƙananan motocin tasi jajaye ne ke kai mutum bakin ƙofofin ganuwa.

Daga Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokutan da yanayi ya fi daɗi. A watannin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma akwai ruwa da sanyin da ya fi na hunturun da aka saba da shi.

Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, kuma rana ce ta cin kuskus bayan an sauko daga masallaci. Sauran abincin da aka san garin da su sun haɗa da harira, wato miyar wake da tumatir, da basɗila, wadda ake yi da naman tattabara ko kaza a cikin siririn ɓawon fulawa a barbaɗa mata sukari da kirfa. Shayin na'a-na'a kuwa duk inda aka zauna sai an kawo.

Masu yi wa baƙi jagora da hukuma ta amince da su na ɗauke da katin shaida. Akwai kuma samari da kan tare baƙo su ce hanyar da ya nufa a rufe take, domin su kai shi shagon da za a ba su la'ada. Idan aka ɓata, ya fi sauƙi a tambayi mai shago ko dattijon da ya fito daga masallaci.

Larabcin Maroko ya sha bamban da na littafi, amma wanda ya yi sallama ya kuma yi tambaya da Larabcin makaranta, za a gane shi. Faransanci ma na aiki. Ba a ɗaukar hoton mutane, musamman mata da masu ibada, sai da izininsu.

Daga ƙarshe, takalmi mai sauƙi na da muhimmanci, domin duk gangaren da aka bi da safe, hawansa za a yi da yamma.